Zadar da Rafukan da Aka Mance da Su

Ranar 11 ga Satumba 2017, ruwan sama da ya haura milimita 250 ya sauka a yankin Zadar, birnin da ke gaɓar Tekun Adiriyatik a ƙasar Kuroshiya. Cikin kwana guda ke nan aka samu fiye da rubu'in abin da yankin kan samu a shekara. Tituna suka koma koguna. A Nin, wani tsohon gari da ke arewa da birnin, ambaliya ta lalata gadojin dutsen da suka haɗa shi da tudu, ta kuma shafe fagagen gishirin da ake aiki a cikinsu tun zamanin Rumawa.

Abu mafi sauƙi shi ne a ɗora wa sama laifin duka. Ruwan ya yi yawa, babu musu, amma rabin labarin yana ƙasa.

Gaɓar Dalmeshiya, inda Zadar yake, dutsen farar ƙasa ce mai ramuka da koguna a ƙarƙashinta. Ruwa na sauka sai ya shige ciki ya ɓace. Saboda haka rafukan yankin, irin su Ričina da ke ratsa gefen Zadar, sukan shafe watanni babu ko ɗigo a cikinsu. Nan yaudarar take. Wanda ya shekara goma yana ganin kwari busasshe, zai fara yi masa kallon fili. Sai a matse bakinsa da gini, a shimfiɗa kwalta da siminti a inda dā ruwa ke nutsewa, musamman a gaɓar da kowane ɗaki na iya zama masaukin 'yan yawon buɗe ido a lokacin zafi. Ranar da ramukan dutsen suka cika, ruwa kan nemi tsohuwar hanyarsa, ya tarar da gidaje a kanta.

Teku ma ba ta rangwame. Mutanen gaɓar sun fi yi wa bura kirari, busasshiyar iska mai sanyi da ke gangarowa daga tsaunin Belebit har ta sa a rufe hanyoyi. Amma yugo, mai ɗumi da laima, wadda ke busowa daga kudu maso gabas, ita ce ke kawo hadari, ta kuma tura ruwan teku zuwa gaɓa. Idan teku ta tashi daidai lokacin da ake sheƙa ruwa, magudanar birni ba ta da inda za ta amayar da abin da ta ɗauko.

Don haka faɗaɗa bututu kawai ba zai wadatar ba, ko da yake shi ne aikin da 'yan siyasa suka fi son ƙaddamarwa, tunda ana iya ɗaukar hotonsa. Aikin da ya fi wuya shi ne hukumar birni ta shata iyakar kowane busasshen rafi, ta hana izinin gini a cikinsa, ta tanadi filayen da za su tare ruwa tun daga tudu kafin ya iso unguwanni. Wannan na nufin hana wasu masu filaye kuɗin da suke hange, a yankin da haya ga baƙi ke ciyar da gidaje masu yawa, kuma su ne masu jefa ƙuri'a.