Cinikin Biri a Sama: Ƙananan Masu Hannun Jari da Kamfanin Finnair

Watakila wani ya yi mamakin ganin zancen kasuwar hannun jari ta wata ƙasa mai ƙanƙara a cikin mujallar sashen Hausa. Dalilina shi ne, harshen da ba ya iya bayyana yadda kuɗi suke shiga aljihun mutum suna fita, to, bai gama girma ba tukuna, namu kuwa ya isa. Na zaɓi kamfanin jiragen sama na ƙasar Finlan, watau Finnair, domin a labarinsa ne mutum zai ga ƙarara abin da yake faruwa ga mai ɗan ƙaramin jari idan ya ɗaura burinsa ga shawarar da sarakunan yaƙi za su yanke.

An kafa wannan kamfani a 1923, yana kuwa cikin tsofaffin kamfanonin jiragen sama na duniya da suke aiki har yanzu. An fara sayar da hannun jarinsa a kasuwar Helsinki a 1989, amma gwamnatin Finlan ta riƙe fiye da kashi 55 cikin ɗari. Finlan ƙasa ce mai mutane wajen miliyan 5 da rabi, yawan da bai isa ya ciyar da babban kamfanin jiragen sama ba. Saboda haka masu tafiyar da shi suka nemi arzikinsu a cikin taswira. Duk wanda ya ɗauki zare ya miƙa shi a kan ƙwallon duniya daga tsakiyar Turai zuwa Japan ko Koriya ko arewacin Sin, zai ga zaren ya bi ta kusa da Helsinki, sa'an nan ya ratsa Rasha. Jirgi yakan tashi daga Helsinki ya sauka Tokiyo cikin kamar awa 9, ya sauke mutane, ya ɗebi wasu, ya komo gida kafin awa 24 ta cika, gobe kuma ya sake. Watau jirgi guda da ya ci kuɗi masu ɗimbin yawa ya wadaci hanya guda kullum. A kan wannan dabara aka gina kamfanin shekara da shekaru, a kanta kuma ƙananan masu jari suka zuba kuɗinsu.

Ashe hanyar aro ce. Bayan Rasha ta auka wa Yukiren a ranar 24 ga Fabrairu 2022, Tarayyar Turai ta hana jiragen Rasha shiga samaniyarta, Rasha kuwa ta rama a ranar 28 ga watan, ta rufe tata ga jiragen ƙasashe 36, Finlan tana ciki. A yini guda farashin hannun jarin Finnair ya zube da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Da aka koma zuwa Tokiyo a watan Maris, sai tafiyar ta zama ta kamar awa 13, ko dai ta can ƙuryar arewacin duniya ko ta kudancin Rasha. Ƙarin awa huɗu yana nufin ƙarin mai, da ƙarin ma'aikata, da rage kayan da za a ɗauka, kuma jirgin ba ya komowa cikin kwana guda. Kamfanonin Sin kuwa ba wanda ya hana su, suna bin gajeriyar hanyar zuwa Turai abinsu. Mu ma a nan mun ɗanɗana irin wannan, gama da Nijar ta rufe samaniyarta a watan Agusta 2023, ga ta Sudan a rufe tun Afrilu, sai da jiragen da suke zuwa kudancin Afirka daga Turai suka riƙa yin dogon zagaye.

To, a nan ne burin mai ƙaramin jari yake shigowa. Lissafinsa mai sauƙi ne, yana kuma da daɗin ji. Yakan ce, yaƙi duk tsawonsa zai ƙare, ranar da ya ƙare za a buɗe samaniya, ranar da aka buɗe kuwa kamfanin zai koma yadda yake, saboda haka gara in saya yanzu tun da araha. A ganina wannan cinikin biri a sama ne, kuma kowace gaɓa ta lissafin tana da rauni. Tsagaita wuta dabam, ɗage takunkumi dabam. Rasha ba za ta buɗe tata samaniyar ba sai Turai ta buɗe wa jiragen Rasha, wannan kuwa shawara ce da ta rataya ga ƙasashe 27 masu ra'ayi iri-iri. Finlan kanta ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a watan Afrilu 2023, tana da iyaka da Rasha mai tsawon fiye da kilomita 1,300, ta kuma rufe mashigan wannan iyaka a ƙarshen 2023. Ko an ce ga hanya, sai kamfanonin inshora da masu ba da hayar jirage sun yarda, waɗannan kuwa ba su manta da ɗaruruwan jiragen haya da suka maƙale a Rasha a 2022 ba. Mai hannun jari ɗari biyu ba shi da ta cewa a ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wata kalma da take yaudarar mutane, kalmar "gwamnati ba za ta bari ya mutu ba." Gaskiya ce, ba ta bari ba. Sai dai ran kamfani da aljihun mai hannun jari ba abu guda ba ne, bari kuwa mu yi lissafi mu gani. A ce wani yana da hannun jari 100 a ƙarshen 2019, lokacin da kowane ɗaya yake kusan yuro 6, watau dukiyarsa ta kai wajen yuro 600. Da annobar korona ta tsayar da jirage a 2020, kamfanin ya nemi yuro miliyan 500 da 'yan kai daga masu shi, ya ce kowane hannu ɗaya yana da damar sayen sababbi 10 a kan santi 40. Mutuminmu ya biya yuro 400 don kada rabonsa ya narke, ya tashi da 1,100. A ƙarshen 2023 aka sake miƙo ƙoƙon, wannan karon ana neman wajen yuro miliyan 570, kowane hannu biyu suna sayen sababbi 27 a kan santi 3. Ya sake fitar da kusan yuro 445. A 2024 aka haɗe kowane hannu 100 ya zama guda, don farashin ya daina zama abin kunya, sai ya wayi gari da wajen 160. Ya ƙara yuro 845 a kan jarinsa na fari, daga 2020 zuwa 2024 kuwa ba a raba masa ribar ko sisi ba. Wanda ba shi da kuɗin bin sahu, rabonsa a kamfanin ya ragu fiye da sau 150. Gwamnati ta biya nata kason duk sau biyun, amma ita abin da take saye shi ne hanyar da za ta haɗa ƙasarta da duniya, da ayyukan yi, da harajin da zai biyo baya. Tana iya jure shekara goma ba riba. Malamin makaranta da ya sa kuɗin fanshonsa ba zai iya ba.

Maƙwabtansu ma sun fi shan wuya. Kamfanin SAS na ƙasashen Sikandinabiya ya nemi kariyar kotu a Amurka a 2022, ya fito a 2024 jiragensa suna tashi lafiya lau, amma tsofaffin hannayen jarinsa aka soke su baki ɗaya, masu su ba su tsira da komai ba.

Adalci ya wajaba in faɗi hujjar waɗanda suke ganin alheri a gaba, domin ba marasa hankali ba ne. Shugabannin Finnair ba su zauna suna jiran tsammani ba. Sun rage kashe kuɗi, sun karkata jirage zuwa Amurka da Indiya da kudu maso gabashin Asiya, sun ƙulla hulɗa da Qatar Airways, sun ba Qantas ta Ostireliya hayar jirage, har kamfanin ya ci riba a 2023, samaniyar Rasha tana rufe. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Mai wannan ra'ayi yakan ce, tun da kamfanin ya koyi rayuwa ba Rasha, duk abin da buɗewa za ta kawo gyara ne a kan awo. Da wannan na yarda, kuma a ganina shi kaɗai ne tsayayyen dalilin saye: mutum ya auna kamfanin kamar ba za a taɓa buɗewa ba, in farashin ya yi masa a haka, to, madalla. Matsalar ita ce da zarar an ji ƙishin-ƙishin sulhu, masu saye sukan yi rububi, farashi ya haɗiye gyaran tun kafin a auna shi, wanda ya zo daga baya ya biya kuɗin abin da bai zo ba.

Har wa yau, sababbin hanyoyin ba su kuɓuta daga rikici ba. A 2024 sai da kamfanin ya dakatar da zuwa garin Tartu na Istoniya har wata guda saboda ana dagula na'urar da take nuna wa jirgi inda yake. A watan Yuni 2025 faɗan Iran da Isra'ila ya sa Ƙatar ta rufe samaniyarta na 'yan sa'o'i. Kowane tashin hankali a yankin Gabas ta Tsakiya kuma yana taɓa farashin mai, wanda yakan cinye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da kamfanin jirgin sama yake kashewa, wani lokaci ma fiye. Ana sayen man da dala, ana sayar da yawancin tikiti da yuro da wasu kuɗaɗe, saboda haka canji ma yana da nasa rabon. Warren Buffett, attajirin Amurka da ya shahara da haƙuri a kan jarinsa, ya sayar da dukan hannayen jarin da kamfaninsa yake da su a manyan kamfanonin jiragen Amurka huɗu a 2020, a kan hasara, alhali yana da ƙwararrun masu lissafi da tarin kuɗin da zai iya jira da su in ya ga dama.