Daga Mashi da Garkuwa Zuwa Gidan Gem: Abin da Sunayen Wasa da Kiɗa Ke Ɓoyewa

Duk wanda ya ratsa wata rumfar cajin waya a Gummi ko Anka da yamma, ba zai rasa jin wani matashi ya daka tsalle yana cewa ya kashe abokinsa ba. Wayarsa ce a hannu, yana buga PUBG ko Free Fire. A wani yankin, wannan magana ba za ta ɗaga wa kowa hankali ba. Amma a yammacin Zamfara, inda kalmar kisa ta daina zama labarin nesa, dattijon da ya ji ta yana da hujjar ɓata fuska. Sai dai kafin a yanke wa yaran hukunci, ya kamata a bi sawun kalmar, domin ba waya ce ta kawo ta filin wasa ba.

Damben gargajiya, wanda aka fi sani da rundawa kuma ake yi bayan kaka, da harshen yaƙi aka gina shi. Hannun da ake naɗe wa kara sunansa mashi, wanda ake karewa da shi kuma garkuwa. Idan ɗan dambe ya kai abokin karawarsa ƙasa, sai a ce ya yi kisa. Idan aka yi turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa. Har ɓangaren Arewa, wanda 'yan damben Sakkwato da Zamfara da Kabi ke ciki, ana yi masa laƙabi da Jamus, yana karawa da Kudu da Guramaɗa. Laƙabin ɗan wasa shi ma tarihi ne: wanda ake kira Shagon wane ko Autan wane yana ɗauke da sunan ubangidan da ya raine shi, kuma kalmar shago tana tuna wa mai sauraro Shagon da Ɗan Anace ya yi wa waƙa.

Ke nan Bahaushe ya daɗe da sanin dabarar ɗaukar kalmar tsoro ya ɗaure ta da doka. Wanda aka kashe a dambe yakan tashi ya karkaɗe jikinsa, akwai alƙali, akwai makaɗin kalangu, akwai idon manya. Dara ma, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, da ci ake yin ta, har ta bar wa harshe karin maganar nan ta dara ta ci gida.

Baƙin wasanni sun zo da nasu guzurin. Ludo, wanda aka yi wa rajista a Ingila a 1896, asalinsa wasan Indiya ne mai suna pacisi, sunan kuwa Latin ne mai nufin ina wasa. Wasannin waya sun kawo nub, wato sabon shiga, daga kalmar Ingilishi ta sabo. Da lag, wato tsaikon da raunin intanet ke jawowa. Da bot, gutsuren robot, wanda ake jifan ɗan wasan da ba ya tunani da shi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da ma'anar da Hausa ba ta da ita. Nub ɗan koyo ne, kuma tsokanar ɗan koyo ta girmi kwamfuta.

A fagen kiɗa, sunan da aka laƙaba wa rukuni yakan nuna matsayinsa a idon jama'a. Makaɗan fada da kayan kiɗansu ake rarrabe su: Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da kotso, Salihu Jankiɗi da taushi. Ƙasar da ke da Sarkin Zamfaran Anka da Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Dankon Bukkuyum ta san darajar wannan rukuni. Wasu kuma da masu sauraronsu ake kiransu, kamar makaɗan noma da makaɗan maza, irin su Kassu Zurmi na 'yan tauri. Tsakanin maroƙi da makaɗi da mawaƙi da sha'iri akwai tsani, kuma mutum ɗaya kan hau ko ya sauka gwargwadon bakin da ya kira shi.

Sunayen zamani sun fi nuna wannan ƙarara. Waƙoƙin finafinan Hausa, masana'antar da mujallar Tauraruwa ta raɗa wa suna Kannywood a 1999, an kira su nanaye, daga amshin waƙoƙin gaɗa na 'yan mata a dandali. Cikin sunan akwai raini, wato waƙa ce ta yara mata wadda ba ta da nauyi, duk da cewa ya tona asalinta na gida. An kuma ce musu kiɗan fiyano, don a nuna na'ura ce ke yi, ba hannu ba. Masu salon hip-hop kuwa an danganta su da 'yan gambara, masu zuba magana da sauri da ƙafiya da habaici a kasuwa. Wannan laƙabi ya ba su kakanni, amma ya jawo musu gadon zargin batsa.

Mai suka zai ce kwatanta dambe da wasan harbi a waya son zuciya ne, domin a dambe hannu ne, a waya kuwa hoton bindiga ne, a yankin da bindiga ta tashi ƙauyuka. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma ta saki reshe ta kama ganye. Ba kalmar ce ta canza ba, shingen da ke kewaye da ita ne ya rushe. Rashin tsaro ya kashe wasan dare a ƙauyuka da dama, ya kuma tura yaro cikin ɗaki da waya, inda babu alƙali babu dattijo. A watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara, ita ma wayar ta yi shiru, alhali dandalin da za a koma ya riga ya zama kufai a wurare da yawa.

Saboda haka hana yara furta kalma ba magani ba ne. Abin da ya fi shi ne uba ya zauna ya tambayi ɗansa ma'anar abin da yake faɗa, shi kuma ya gaya masa me ake nufi da turmi da mashi. Sassan nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau suna da aiki a gabansu: tattara kalmomin dara da langa da gaɗa daga bakin tsofaffin Anka da Gummi da Bukkuyum, waɗanda da yawansu ke gudun hijira, tare da rubuta na gidan gem tun suna ɗanye. Yaron da ya san cewa kakansa ma ya yi kisa a fage, sannan ya miƙa wa wanda ya kayar hannu ya tashe shi, ya koyi abin da wayar ba za ta koya masa ba.