RA'AYI: Sauya dikoda: Wanda ya ci ribar sabuwar fasaha shi ya kamata ya biya kuɗinta

Tsakanin Maitama da Mpape babu wata tazara ta a zo a gani, babbar hanya ce kawai ta raba su. A Maitama hedikwatar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, take, a kan titin Aguiyi Ironsi, kuma nan ce unguwar manyan jami'ai da jakadu da attajirai. A kan tsaunin Mpape kuwa aka kafa tashar da ta fara harba wa mazauna Abuja siginar FreeTV ta dijital, ranar 22 ga Disamba, 2016. A gindin wannan tsauni ne da yawa daga cikin direbobi da masu gadi da masu dafa abincin da ke yi wa Maitama hidima suke kwana.

Duk ranar da aka sauya fasahar watsa shirye-shirye, tsohuwar dikoda ta daina aiki, unguwannin biyu ba iri ɗaya suke jin abin ba. A Maitama waya ɗaya za a buga, mai gyara ya kawo sabuwa kafin magariba, idan ma maigidan bai riga ya koma kallo ta intanet ba. A Mpape kuwa lissafi ne za a zauna a yi: kuɗin dikoda, kuɗin mai ɗaura dish, wataƙila har da sabuwar waya, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Masu yanke shawarar sauyin suna cikin rukunin farko. Masu ɗaukar nauyinsa suna cikin na biyu.

Abin da ake sauyawa

Hoton talabijin kaya ne mai nauyi. Kafin a aika shi zuwa tauraron ɗan Adam sai an matse shi, wato a zubar da abin da ido ba zai lura da rashinsa ba, a kuma daina maimaita ɓangaren hoton da bai motsa ba. Aikin dikoda, ko risiba kamar yadda ake kiranta a kasuwa, shi ne ta warware wannan ƙunshi ta mayar da shi hoto da sauti.

Fasahar matsewar hawa-hawa ce. MPEG-2 ta fito a tsakiyar shekarun 1990, kuma da ita aka fara talabijin na dijital. A 2003 aka kammala H.264, wadda aka fi sani da MPEG-4, sannan a 2013 HEVC ta biyo baya. Kowace sabuwa tana iya ɗaukar hoto mai inganci iri ɗaya a cikin kusan rabin gurbin da ta gabanta ke ci. Wannan ne ya sa hoto garau na HD, wanda ke cin wuri sosai a MPEG-2, ya zama abin da za a iya watsawa da yawa ba tare da an ninka kuɗin haya ba.

Matsalar ita ce fahimtar kowace fasaha a jikin ƙwaƙwalwar dikodar aka gina ta tun daga masana'anta. Dikodar da MPEG-2 kaɗai ta sani ba za ta karanta MPEG-4 ba, komai ƙwarewar mai gyara. Masu kallon tashoshin kyauta a Kano da Kaduna da Sakkwato sun san alamar: sunan tasha ya fito, murya tana tashi, amma allo baƙi ƙirin. Da yawa sun kashe kuɗi wajen juya dish kafin su gane cewa risibar ce zamani ya wuce.

Inda ribar take zuwa

Babu mai hankalin da zai ce a tsaya a kan tsohuwar fasaha. Abin tambaya shi ne wanda ke cin moriyar sauyin. Kamfanin talabijin hayar gurbi yake yi a jikin tauraron ɗan Adam, kuma da dala yake biya. Idan ya koma fasahar da ke cin rabin wuri, ko dai ya rage kuɗin haya, ko ya cusa ƙarin tashoshin da zai sayar a gurbin da ya rage. Ribarsa ta kowace shekara ce. Mai kallo kuwa labaran da yake gani jiya su zai gani gobe, sai dai hoton ya fi kyau, shi ma idan talabijin ɗinsa na iya nuna bambancin.

Ita ma gwamnati tana da nata kason. Ƙaura daga analog zuwa dijital tana sakin zangon iska mai daraja, wanda kamfanonin waya da NCC ke kula da su suke buƙata domin intanet mai sauri. A 2015 Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta bai wa MTN lasisin amfani da wani ɓangare na zangon megahaz 700 a kan naira biliyan 34, da bayanin cewa kuɗin za su tafi aikin komawa dijital. Ke nan ƙasa ta karɓi ladan sauyin tun kafin yawancin jama'a su ga akwatin farko. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Darasin FreeTV

Yarjejeniyar Geneva ta 2006 ta sanya 17 ga Yuni, 2015 a matsayin wa'adin kashe analog. Najeriya ta ɗibar wa kanta 2012, ta saɓa. Ta saɓa 2015, ta kuma saɓa 2017. An ƙaddamar da gwaji a Jos ranar 30 ga Afrilu, 2016, Abuja ta biyo baya a ƙarshen shekarar, sai Ilori da Kaduna a Disambar 2017, Inugu da Osogbo a 2018, Legas da Kano kuma a 2021. Daga nan tafiyar ta yi sanyi. A duk inda aka je, an kwaɗaita wa jama'a su sayi akwatin FreeTV mai aiki da eriya, wanda ke kama sigina daga hasumiyar ƙasa.

A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya amince da tallafin naira biliyan 10 domin farfaɗo da aikin, kuma NBC ƙarƙashin Charles Ebuebu ta haɗa kai da kamfanin tauraron ɗan Adam na ƙasa, NIGCOMSAT, a kan sabon tsarin da ya jingina ga tauraron ɗan Adam maimakon hasumiyoyi. Hujjar tana da ƙarfi. Gina hasumiya a kowace jiha da ba ta wutar lantarki da tsaro abu ne mai tsada, alhali tauraro ɗaya yana rufe ƙasar baki ɗaya, har ƙauyen da siginar ƙasa ba ta taɓa isa ba. Ƙungiyar masu haɗa akwatunan a cikin gida ta nuna rashin amincewa, saboda jarin da 'ya'yanta suka zuba bisa tsohon tsari.

An ji muryar hukuma, an ji ta masu masana'anta. Muryar da ba a cika ji ba ita ce ta magidancin da ya amsa kiran gwamnati ya sayi akwatin eriya. Akwatin da aka ƙera domin siginar ƙasa kaɗai ba ya kama tauraro, domin hanyar karɓar saƙon daban ce. Duk ranar da aka kashe hasumiyar da yake dogaro da ita, sai ya nemi sabuwar dikoda da dish da kuɗin mai ɗaurawa. Laifinsa ɗaya: ya yarda da abin da aka faɗa masa.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Lokacin da Amurka ta kashe analog ranar 12 ga Yuni, 2009, gwamnati ta riga ta bai wa kowane gida damar karɓar takardun rangwame biyu, kowace ta dala 40, domin sayen akwati. Faransa ta koma MPEG-4 baki ɗaya a Afrilun 2016, bayan watanni ana shela, tare da tallafin yuro 25 ga gidajen marasa ƙarfi. A Birtaniya, BBC ta rufe tsofaffin tashoshinta marasa HD na tauraron ɗan Adam a Janairun 2024, amma sai da ta daɗe tana sanya gargaɗi a kan allo, ta kuma tanadi taimako ga tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Afirka ta Kudu ta ware akwatunan kyauta ga gidajen da samunsu bai wuce rand 3,500 a wata ba, kuma a Yunin 2022 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta soke wa'adin da minista ta sanya, saboda ba a bai wa jama'a isasshiyar sanarwa da damar yin rajista ba.

Ba sai an tsallaka teku ba ma. A ƙarshen 2024, da kamfanonin rarraba wutar lantarki na Ikeja da Eko suka shirya daina amfani da wasu tsofaffin mitoci ƙirar Unistar, Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, da hukumar kula da lantarki, NERC, sun tsaya a kan cewa kamfani ne zai ɗauki nauyin canjin, ba mai gida ba. Mitar wuta da dikoda ba su da bambanci a nan: na'ura ce mai lafiya da kamfani ya yanke shawarar ajiyewa saboda dalilinsa na kansa.

Hujjar kamfanoni

Kamfanonin da ake biya, irin su MultiChoice da StarTimes, suna da abin faɗa, kuma ya dace a saurare su. Za su ce dikodar da ke gidan mutum tun farko a ƙasa da kuɗinta aka sayar masa, cewa darajar naira ta faɗi tun daga Yunin 2023, cewa haƙƙin nuna ƙwallon Turai da hayar tauraro duk da kuɗin waje ake biya. Duk gaskiya ne. Sai dai rangwamen dikoda ba sadaka ba ce, hanya ce ta jawo mai biyan kuɗin wata. Da masu kallo suka riƙa janyewa saboda tsada, MultiChoice da kansa ya zaftare rabin farashin dikodar DStv a 2025. Wannan ya nuna cewa kamfani ya san riƙe abokin ciniki ya fi kuɗin akwati daraja. Wanda ya shekara biyar ko goma yana biyan kuɗin wata ya riga ya biya kuɗin sabuwar dikoda sau da dama.

Abin da ya kamata a rubuta a doka

Bai kamata a bar wannan ga alherin kamfani ko son ran shugaban hukuma ba. NBC da FCCPC suna da hurumin fitar da ƙa'ida guda da za ta hau kan kowa, har da gwamnatin kanta.

Na farko, duk wanda ya sauya fasahar da za ta kashe dikoda mai lafiya, shi zai canja wa mai kallon da rajistarsa ke aiki, kyauta, ya kawo tsohuwa ya karɓi sabuwa. Ga masu akwatin FreeTV, nauyin yana kan gwamnati, kuma rajistar da aka yi lokacin kunna akwatunan ta isa mafari wajen gano su.

Na biyu, a riƙa watsa tsohon tsari da sabo tare na tsawon lokacin da aka ƙayyade a rubuce, tare da gargaɗi a kan allo da sanarwa a rediyo cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da Fulatanci da Kanuri. Dokar kare masu saye ta 2018 ta riga ta bai wa mai saye 'yancin samun bayani cikin harshen da zai fahimta.

Na uku, a kula da kasuwa. Miliyoyin gidaje a Arewa ba su da kamfanin da za su kai wa kuka, domin risibar tashoshin kyauta suka saya a shago, da ita suke kallon Arewa24 da tashoshin wa'azi da labarai. Kariyarsu ita ce Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta hana shigo da risibar da zamani ya wuce, a kuma tilasta rubuta fasahar da kowace ke ɗauka ɓaro-ɓaro a jikin kwali.

Na huɗu, a faɗa wa jama'a tsawon ran abin da ake sayar musu. Tauraron NigComSat-1R an harba shi a Disambar 2011 da wa'adin aiki na shekara 15. Mai sayen dish yana da haƙƙin sanin cewa wanda zai gaje shi zai zauna a wuri guda, kuma dikodarsa za ta ci gaba da aiki.

Na biyar, tsofaffin akwatunan kada su ƙare a bola, inda yara 'yan jari-bola ke ƙona su domin ciro waya suna shaƙar guba. Dokokin hukumar kare muhalli, NESREA, sun ɗora wa masu ƙera kayan lantarki da masu shigo da su alhakin tattara su, kuma wurin musayar dikoda shi ne wurin da ya fi sauƙin yin hakan.

Talabijin a gidan talaka ba ado ba ne. Ta nan yake jin sanarwar rigakafi da gargaɗin ambaliya da sakamakon zaɓe, ta nan 'ya'yansa suke ganin duniya. Sauyin da ya bar allon Mpape baƙi domin na Maitama ya ƙara haske bai cancanci a kira shi ci gaba ba. Kafin a sanya wata sabuwar ranar kashe sigina, ya kamata NBC ta fara bayyana, a rubuce, wanda zai biya kuɗin akwatin da zai maye gurbin na hannun jama'a. Idan ba haka ba, za a sake komawa gidan jiya: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.