Mai Ciwon Sukari Ya Tambayi Likita Tun Kafin a Ga Watan Ramadan



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ba mu jiki amana, Ya kuma sauƙaƙa mana addini. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa Musulmi, ga mu cikin watan Rajab, azumi ya ƙarato. Kowace shekara, da zarar an ga wata, mutane kan tare ni bayan sallar asuba: "Malam, ina da ciwon sukari, in yi azumi ko in sha?" Nakan ce: "Me likita ya gaya maka?" Wani ya ce bai tambaya ba, wani ya ce an miƙo masa takardar magani ne kawai. A kan wannan nake so mu yi wa juna nasiha.

A azumin bara wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a sahu lokacin la'asar. Da na je gaishe shi, sai ya ce da sahur ya sha ƙwayarsa cikakkiya, yadda ya saba sha da safe. Ya nuna mini takardarsa, an rubuta ta da Faransanci, shi kuwa ba ya karanta boko. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa maganin yana ci gaba da saukar da sukari ko cikin mutum babu abinci. Allah Ya kiyaye, ya tashi. Amma magana ta minti biyar da ta isa ta hana faɗuwar nan.

Hukuncin shari'a a fili yake. Aya ta 184 da ta 185 cikin Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame ya sha, ya rama a wasu kwanaki. A mazhabarmu ta Malikiyya, Muhtasar na Shehu Halilu ya nuna cewa shan azumi halal ne ga wanda yake tsoron ciwonsa ya ƙaru ko ya daɗe, kuma wajibi ne ga wanda yake tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. To, wa zai sanar da kai ko kana cikin waɗannan? Malami ya san hukunci, amma bai san abin da ke cikin jininka ba. Aya ta 43 cikin Suratun Nahli ta umarce mu da tambayar masana idan ba mu sani ba, kuma masanin jiki shi ne likita.

Haka malaman duniya suka yi. A shekarar 2009, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Sharja, ta dogara da bayanin likitoci, ta raba masu ciwon sukari kashi huɗu gwargwadon hatsarin da azumi ke da shi a gare su. Kashi biyu na farko ta ce su sha, sauran biyun su yi azuminsu. Saboda haka mai gudun asibiti don kada a hana shi azumi ya kwantar da hankalinsa: da yawa ana barinsu su yi, bayan an gyara musu lokacin shan magani da yawansa.

Nauyin da ke kan mara lafiya shi ne ya je da wuri. Likitocin wannan fanni sun ce a zo mako shida zuwa takwas kafin azumi, wato yanzu. Ka ɗauki magungunanka duka, har da na gargajiya da kake sha, ka ajiye gaban likita, kada ka ɓoye komai. Ka tambaya: shin zan iya azumi? Wane magani zan sha da buɗa baki, wane da sahur? Magunguna ba ɗaya ba ne: metformin ba kasafai yake saukar da sukari ƙasa da ƙima ba, amma gilibenkilamid da allurar insulin suna iya yi. Ka faɗi sana'arka. Direban da ke bin hanyar Dirku da mai haƙar zinariya a Jado ba daidai suke da mai zama a inuwar shago ba, tunda azuminmu na nan Agadas ya kai awa 13, ga zafi, ga nisa da asibiti.

Ka kuma riƙe alamomin hatsari: karkarwa, zufa mai sanyi, bugun zuciya, jiri, ruɗewa. Idan ma'aunin sukari ya nuna ƙasa da giram 0.70 a lita, ko ya haura giram 3, ka karya azumi nan take, ko saura minti goma a kira magariba. Idan sauka ya yi, ka sha ruwan sukari. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Wanda ya suma kuwa, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Ku kuma likitoci da ma'aikatan jinya, Allah Ya saka muku da alheri. Mun san kuna da ƙaranci, layi kuma da tsawo, a babban asibitin jiha da ƙananan gidajen likita na unguwanni da karkara. Duk da haka bayani yana cikin amanar da kuka ɗauka. Takardar da mai ita bai fahimta ba, aiki bai cika ba. Ku yi magana da harshen da yake ji, Hausa ko Tamashek ko Fulatanci ko harshen Tubawa, ko ku nemi mai fassara. Ku ce masa ya maimaita abin da ya ji kafin ya fita, domin mutanenmu suna da kunya, sukan ce "to" alhali ba su gane ba.

Iyali ma da nasu rabon. Ɗa ya raka mahaifinsa, miji ya raka matarsa, mai karatu ya rubuta abin da aka faɗa. A lura da shayin dare da sukarin da ake zuba masa, da fura mai zaƙi lokacin buɗa baki. Kada kowa ya yi wa mara lafiya gori don an gan shi yana shan ruwa da rana.

Mu malamai kuwa, mu ji tsoron Allah. Kada mu ce wa mai ciwo "yi azuminka, tawakkali ya ishe ka", kada kuma mu sa shi ya bar maganin asibiti don ya koma ga rubutun sha. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, shi ne kuwa shugaban masu tawakkali. Aikinmu mu karɓi bayanin likita amintacce, sannan mu faɗi hukunci: wanda ake sa ran zai samu sauƙi ya rama daga baya, wanda ciwonsa ba ya barinsa azumi ko yaushe babu ramuwa a kansa, an so ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana.

Duk mai irin wannan ciwo a gidansa ya karanta masa wannan saƙo, ya kai shi asibiti cikin makon nan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kai mu Ramadan da rai da imani. Allah ne Mafi sani.