Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Matsayin Wasan Super Mario Bros. a Yau

A ranar 13 ga Satumba, 1985 kamfanin Nintendo da ke birnin Kiyoto na ƙasar Japan ya fitar da wasan Super Mario Bros., wanda Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka tsara, Koji Kondo kuma ya yi masa kiɗa. A shekarar 2025 wasan ya cika shekara 40. A duniyar na'ura, inda wayar da aka saya bara ake ce mata tsohon yayi bana, wannan tsufa ne tukuf. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: shin har yanzu wasan yana da abin da zai ba mai buga shi, ko kuwa begen ƙuruciya ne kawai ke sa waɗanda suka taso da shi suke yabonsa? Ra'ayina shi ne, wasan kansa yana nan da ƙarfinsa. Abin da ke shuɗewa shi ne zaman da yaran Kano suka yi a kewayensa da harshen da suka yi masa magana da shi, kuma wannan ɓangaren ne ya shafi manazarta Hausa kai tsaye.

Yadda wasan ya iso

Mario bai shigo Kano ta hannun kamfanin da ya yi shi ba. Na'urar asali, wato Famicom, ta fito a Japan a 1983, amma wadda ta cika gidaje a nan cikin shekarun 1990 kwaikwayonta ce da aka ƙera a Taiwan da Sin, mai araha, wadda ake jona wa talabijin. Kaset ɗinta kan zo da alƙawarin dubban wasanni a jikin takarda, alhali 'yan ƙalilan ne ake maimaitawa, Mario kuma yana cikin waɗanda ba a rasa su. Wannan hanya ta kayan kwafi ita ce irin wadda Brian Larkin ya bayyana a littafinsa Signal and Noise (2008) game da kaset ɗin bidiyo da kasuwar Ƙofar Wambai.

A unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, inda gidajen ma'aikata da na 'yan kasuwa da na masu ƙaramin ƙarfi suke maƙwabtaka, na'ura ɗaya kan wadatar da yaran layi guda. Wanda babu a gidansu ya tafi gidan abokinsa, ko ya tara 'yan canjinsa ya nufi gidan gem. Wutar NEPA ita ce alƙalin wasa na ƙarshe, domin da zarar an ɗauke ta, duk nisan da aka yi ya tafi.

Abin da bai tsufa ba

Duk wasan, da hotunansa da kiɗansa da matakansa 32, bai wuce kilobait 40 ba, wato bai kai nauyin hoto guda da ake ɗauka da waya a yau ba. Ƙarancin wuri ya tilasta wa masu tsara shi tsimi, har ta kai zanen gajimare da na ciyayi ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Ƙa'idojinsa ma haka suke: tafiya, gudu, tsalle. Maɓalli biyu ne na aiki, ban da na nuna alƙibla.

Duk wanda ya san dara ya san cewa ƙarancin ƙa'ida ba ya nufin ƙarancin zurfi. Gurbi 30 ne a dara, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ana iya koya wa yaro dokokinta a zama ɗaya, amma dattijo kan shekara yana gano sabuwar dabara a cikinta. Tsallen Mario yana da irin wannan hali. Tsawonsa ya dogara ga daɗewar yatsa a kan maɓalli, nisansa ya dogara ga gudun da aka ɗauko, kuma Mario ba ya tsayawa cak idan an saki maɓalli, sai ya ɗan zame. Daga waɗannan abubuwa uku ake samun bambancin ɗan koyo da gwani. Har yau akwai masu gasar kammala wasan cikin ƙasa da minti biyar, suna jayayya a kan ɓangaren daƙiƙa.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne sirrin karɓuwarsa a Kano, shi ne wasan yana koyarwa ba tare da harshe ba. A matakin farko an tsayar da Mario a hagu, an bar fili a dama, sai hannu ya gane inda aka nufa. Abokin gaba na farko yana tahowa a hankali, wanda bai yi tsalle ba ya mutu, ya dawo ya gyara. Laimar kwaɗin da ke ƙara wa Mario girma an tsara fitowarta ta yadda da wuya ɗan koyo ya kauce mata, sai ta taɓa shi ya gane alheri ce. Yaron da bai iya karanta Turanci ba, balle Japananci, ba ya buƙatar tafinta. Haka ake koyon langa da carafke da 'yar gala-gala: a kalla, a shiga, a faɗi, a sake. Masu tsara darussan koyar da Hausa a manhajojin waya suna da abin koyi a nan.

Abu na uku shi ne wasan yana da ƙarshe. Da yawa daga wasannin da matasa ke bugawa a waya yanzu sai da data, ba sa ƙarewa, kuma a kai a kai suna neman a sayi wani abu a cikinsu. Mario ba ya neman komai bayan kuɗin kaset. Idan ka faɗa rami, hannunka ne ya yi kuskure, kuma ka san haka.

Inda tsufa ya bayyana

Adalci ya sa a faɗi raunin wasan. Ba ya ajiye inda aka tsaya. Allon ba ya komawa baya, abin da ya wuce ya wuce. Wasu matakan na gaba maimaicin na baya ne da aka ƙara wa wahala, matakan cikin ruwa suna da nauyin sarrafawa, kuma a wasu gidajen dodo hanya kan yi ta maimaita kanta har sai an dace da ta daidai, abin da ya fi kama da canke fiye da gwaninta. Gimbiyar da ake wahala dominta ba ta da wani aiki face jira.

Akwai kuma raunin da zamani ya jawo masa. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, da wajen masu tura fina-finai da waƙoƙi, matashi zai iya samun manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura a wayarsa. Sai dai wasan da aka gina a kan jin maɓalli a ƙarƙashin yatsa ba ya sakin jiki a kan gilashi. Wanda ya fara saninsa ta wannan hanya zai iya cewa wasan ne ba shi da kyau, alhali kayan bugun ne suka sauya, kamar a ce a kaɗa kalangu da safar hannu.

Labarin da aka riga aka sani

Labarin Mario gajere ne: dodo ya sace gimbiya, talaka mai gyaran famfo ya bi sawu ta ƙasashe takwas, sau bakwai yana kayar da abokin gaba ana shaida masa cewa wadda yake nema tana gaba. Yaron da ya sha jin tatsuniya bai ga baƙon abu a nan ba. Akwai dodo, akwai 'yar sarki, akwai taimakon da ake tsinta a hanya, akwai maimaicin da ke ƙara nauyi kafin a kai ga buƙata. Tafiyar neman abu mai wuya ita ce ƙashin bayan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, kuma irin wannan gini ne Vladimir Propp ya rarrabe a 1928 a nazarinsa na tatsuniyoyin Rasha. Ba ina cewa wani ya ara daga wani ba ne. Abin da nake nufi shi ne kunnen yaron Bahaushe a shirye yake tun kafin kaset ya iso, kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya nuna cewa fina-finan Indiya sun samu gindin zama ne saboda sun tarar da abubuwan da suka yi kama da su a al'adar Hausa.

Bambancin da ya cancanci nazari yana cikin wakilin suna. Mai tatsuniya yana cewa Gizo ya faɗa rijiya. Mai buga gem kuwa cewa yake “na mutu”, ko “saura mini ɗaya”. Ya shiga cikin labarin, ya zama shi ne jarumin, kuma yana ƙirga rai kamar yadda ake ƙirga kwabo, a al'ummar da ta san rai guda ne. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa kalmar aro “layif” ta fi sauƙin fita a bakin yara fiye da “rai”. Haka kalmar “bos”, wadda masu kallon fim suka daɗe suna kiran mugun cikin fim da ita, ta samu sabon aiki a gidan gem, fi'ilin “ci” kuma ya ƙara faɗi, har ana cinye gem kamar yadda ake cinye gari da yaƙi.

Abin da ke shuɗewa

Mario wasa ne na karɓa-karɓa. Ko mutum biyu ke bugawa, ɗaya sai ya jira ɗaya ya mutu. Saboda haka a ɗakin da yara goma suke, tara 'yan kallo ne, masu ba da shawara da tsokana da shewa. Sirrin wasan, kamar hanyar da ke mataki na biyu wadda ke tsallakar da mutum zuwa ƙasa ta huɗu, ko dabarar tara rayuka ta hanyar taka kunkuru a kan matakala, ba a littafi aka karanta su ba. Daga baki zuwa baki suka yaɗu, tare da ƙarin gishiri da labaran ƙarya na abin da wane ya gani a gidan wane. Wannan adabin baka ne, da masu ruwaya da gwanaye da ƙa'idojin layi da hukuncin wanda ya ƙi sakin fad. Wayar hannu, da allonta na mutum ɗaya, ta raba wannan zama.

Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a lokacin da masu yin su suke da rai kuma suke tunawa, shi ya sa muke da su a rubuce. Yaran da suka buga Mario a Gyaɗi-Gyaɗi da Kundila da Unguwa Uku a shekarun 1990 yanzu magidanta ne, wasunsu malamai a sassanmu. Suna iya faɗin sunayen da suka laƙaba wa kowane abokin gaba, da nawa ake biya a gidan gem, da yadda iyaye da malaman allo suka ɗauki abin, da kuma ko 'yan mata sun samu shiga ko a gida kawai suka buga. Wannan aiki ne da ɗalibin digirin farko zai iya yi da na'urar ɗaukar magana a cikin ƙaramar hukuma guda.

Mai yiwuwa wani ya ce wasan Japan ba hurumin nazarin Hausa ba ne. Irin wannan magana aka yi wa Adabin Kasuwar Kano da fina-finan Hausa kafin su zama fagagen da ake rubuta kundaye a kansu. Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne ko Hausawa sun yi rayuwa da abin, sun kuma yi masa magana da harshensu. Wasan yana da masu adana shi, domin an sayar da fiye da kwafi miliyan 40, kamfaninsa kuma yana sake fitar da shi a sababbin na'urori. Hausar da aka yi a gabansa kuwa ba ta da mai adana ta sai mu, kuma masu ita suna ƙara shekaru.