FILIN UWARGIDA: Garin Neman Gira, Ranar Da Na Goge Motar Yaya

  

A wannan fitowar na so in ƙarasa mana maganar kayan lefe, sai ga wasiƙar wata 'yar uwa daga Gusau ta sauya min shawara. Cewa ta yi maigidanta ya yi sabuwar mota baƙa, tana so wata Juma'a kafin ya tashi daga barci ta goge masa ita har ta riƙa ɗaukar ido, wai in faɗa mata man da za ta saya. Wallahi ina gama karantawa sai da gabana ya faɗi, domin kuwa irin wannan gwanintar ce ta taɓa hana ni barci dare guda cur. Bari ki ji labarina tukuna 'yar uwa, sannan mu zo kan maganar mai.

Watana bakwai a gidan miji a lokacin. Wan maigidana, wanda duk dangi ke ce wa Yaya Babba, tafiyar aiki ta kama shi zuwa Legas, sai ya kawo motarsa baƙa wuluk ya ajiye a gidanmu amana, a kan cewa ranar Lahadi da ita za a ɗauki ƙanwarsu amarya a kai ta ɗakinta. Ranar Asabar tun da sassafe maigida ya fita hidimar biki. Ko da na leƙo tsakar gida sai na ga mota ta yi butu-butu da ƙura, ga kashin tsuntsu ya bushe a kan bonet, kasancewar a gindin darbejiya aka ajiye ta. Sai zuciya ta ce min, ke ga ranar da za ki nuna wa dangin miji ɗansu ya yi dacen mata.

Na ɗauko wani tsohon ɗankwali busasshe na bi motar na share ƙurar tas, ina yi ina dannawa. Na kaɗa omo a bokiti guda, na kira almajirinmu ya riƙa miƙo min ruwa. Kashin tsuntsun nan ya ce bai san zancen ba, ni kuwa na shiga kicin na ɗauko koren soson wanke tukunya na dirje shi son raina. Daga nan na buɗe but na tarar da wani gwangwanin mai, ban ko tsaya duba rubutun jikinsa ba, na lakata na shafe motar gaba ɗaya, rana tsaka, bodin ya yi zafi ƙau. Kafin in zagayo man ya bushe ya kama kamar ƙanzo, sai da na sa ƙarfina duka sannan ya fita.

Da la'asar rana ta karkato ta haska gefen motar, sai na ga abin da ya sa ƙafafuna suka yi sanyi. Duk jikinta zane ne sirara zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo, a kan bonet kuwa wuri mai faɗin faifai ya dushe ya yi fari-fari kamar makero a fuskar yaro.

Ana haka sai ga sallamar maigida. Ya dubi mota ya yi salati, ya waiga ya ga almajiri riƙe da bokiti. "Kai Ɗan Malam, wa ya sa ka?" Yaron nan ya ɗago ido ya kalli labulen da nake laɓe a bayansa, sannan ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Maigida ya ce ya fita, kada ya sake ganin ƙafarsa a gidan. Ina ji ina gani na yi shiru. 'Yan uwa, duk abin da na yi wa motar nan bai kai wannan shirun muni ba.

Da dare na fito rufe kicin na yi tuntuɓe da ɗan kwanonsa, ya manta shi a bakin ƙofa. Yadda na ga rana haka na ga dare. Ana idar da sallar asuba na durƙusa a gaban maigida na ce, "Malam ka yafe ni, ni ce na yi, yaron nan ruwa kawai ya miƙo min." Ya daɗe bai tanka ba, can ya ce, "Mota ai ana gyara ta. Yaron mutane da kika bari ya kwana da laifinki fa?" Da ƙafarsa ya taka har makarantar allo ya ba yaron haƙuri a gaban malaminsu, ya dawo da shi, ni ma na ba shi haƙuri. Amarya dai bayan isha'i aka kai ta, duhu ya rufa min asiri. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya Babba na dawowa na je da kaina na faɗa masa. Allah Ya saka masa da alheri, murmushi ya yi ya ce, "Ƙanwata, hukuncinki shi ne ki bi mu gareji ki ji da kunnenki."

A garejin muka sami wani dattijo mai fentin mota, ya shafa bonet ɗin da bayan hannu ya girgiza kai. Ya ce, "'Yata, kin san mene ne yake sheƙi a jikin mota?" Na ce fenti mana Baba. Ya ce a'a. Nan ya yi min karatun da har yau nake cin moriyarsa, daga baya kuma na ƙara da nawa binciken.

Fentin motocin zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe ya hana tsatsa, sai mai launi, sai kuma wani na sama garai-garai kamar gilas wanda masu fenti ke ce wa kiliya. Shi ne mai sheƙin, shi ne kuma yake kare launin daga zafin rana. Duka hawan nan idan aka haɗa, a motar da ta fito daga kamfani, kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ita kiliyar kaɗai wajen maikiron 40 zuwa 50 ce, wato kusan rabin kaurin fallen takarda guda. To a kan wannan ɗan abin na hau da soson tukunya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da Baba ya ce folish ba ƙara wa mota komai yake yi ba, ragewa yake. A cikinsa akwai gari mai laushi ƙwarai da yake kankare saman kiliya kaɗan har ta yi daidai da gindin zanen, shi ya sa ido ke ganin zane ya ɓace. Kuma abin da aka kankare ya tafi ke nan, ba fatar mutum ba ce da za ta sake tsirowa. Idan kiliya ta yi siriri da yawa rana za ta cinye sauran, shi ne za ku ga rufin wasu motocin Beljiyam ya yi fari yana saɓulewa. Wannan babu man da zai gyara shi sai sabon feshi. Haka aka yi da bonet ɗin Yaya, sai da aka sake fesa shi, sauran jikin ne folish ya iya fitarwa.

To 'yar uwata ta Gusau, ga yadda za ki yi.

Da farko kada tsumma busasshe ya taɓa mota mai ƙura, musamman a hunturu. Ƙurar hazon nan da iska ke kwasowa daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, garin yashi ce, yashi kuwa ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Duk wanda ya share ta da tsumma sanfefa ya goga wa motarsa. Ki fara kwarara mata ruwa daga sama zuwa ƙasa har ƙurar ta gangare da kanta.

Na biyu, a inuwa ake wannan aikin, da safe ko da yamma. Ki ɗora bayan hannunki a kan bonet, in da zafi ki dakata. Ki tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan kumfa ɗaya na ɗauraya, duk shafa ɗaya ki ɗauraye tawul ɗin a na biyun kafin ki mayar da shi cikin kumfa, don yashin ya zauna a can. Shamfun mota za ki saya a wurin masu kayan mota. Omo da sabulun wanke-wanke an yi su ne don su cire maiƙo, saboda haka suna wanke kakin da ke kare fentin. Tawul kuwa mai laushin nan na maikirofaiba, in ya faɗi ƙasa ki ajiye shi ki ɗauki wani. Taya da ƙasan mota su ne na ƙarshe, kuma da nasu tsumman daban. Ki tsane ruwan kafin ya bushe da kansa, domin ruwan rijiya da na burtsatse suna barin tabo fari.

Na uku, kashin tsuntsu da ɗanƙon itace suna cin fenti idan suka kwana biyu a rana. Ba a dirzarsu. Ki jiƙa tawul ki ɗora a kai na minti 5 zuwa 10, zai yi laushi ki ɗauke shi a hankali.

Na huɗu, ki san cewa man nan iri uku ne, nan ne na faɗa rami. Akwai kamfawun, shi ne mai kaushi, na zane mai zurfi ne, kuma shi na tarar a but ɗin Yaya. Akwai folish mai laushi na ƙananan zane da dushewa. Sai kuma wakis, wato kaki, wanda ba ya kankarar komai, rufi kawai yake yi a sama. Wani ana yin sa da kakin ganyen bishiyar karnuba ta ƙasar Birazil, wani kuma haɗin kamfani ne wanda ya fi jure zafi. Tunda kin ce motar sabuwa ce, wanki mai kyau da wakis sun ishe ki, ki bar folish sai ranar da aka ga zane.

In kuwa akwai zanen, ki ja farcenki a kansa a hankali. Idan farce ya maƙale, ya yi zurfi, a kai wa masu fenti. Idan ya wuce sumul, ki ɗiga folish kamar ƙwayar wake uku a kan soso mai laushi na wannan aikin, ki fara gwadawa a wani lungu da ido bai cika kai wa ba. Sannan ki riƙa ɗaukar wuri kaɗan-kaɗan, kamar faɗin tire, kina shafawa ba tare da danne hannu ba, ki goge da tawul mai tsabta kafin ya bushe, ki duba a haske. In ya yi, ki tsaya, kada daɗin sheƙi ya ja ki. Ki kiyayi gefe-gefe da wuraren da bodi ya yi tudu, fentin ya fi siriri a nan, kada kuma man ya taɓa baƙar roba domin yana barin fari. Idan kika ga launin motar ya fito a soso, ki dakata nan take. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, Fijon nan da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da yawa fentinsu ba shi da kiliya, don haka fitar launi kaɗan ba abin tsoro ba ne. A motar zamani kuwa alama ce an huda kiliyar.

Wakis shi ne na rufewa. A shafa shi siriri, a bari ya yi hazo-hazo, a goge. A zafin ƙasarmu duk wata biyu zuwa uku a sake. Gwajinsa mai sauƙi ne, ki watsa ruwa, in ya dunƙule ya yi ƙwaya-ƙwaya kakin yana nan, in ya shimfiɗe ya kwanta lokaci ya yi. Folish kuwa sau ɗaya a shekara ma ya isa. Motar da aka yi wa sabon feshi a gareji a tambayi mai fentin kafin a sa mata wakis, yawanci sukan ce a jira wata ɗaya zuwa uku fentin ya gama bushewa. Mai fentin da ba ya sheƙi tun asali, irin dusasshen nan da samari ke yayi, ba a sa masa folish sam. Injin gugar nan mai juyawa kuma a bar wa masu sana'ar, cikin ƙiftawar ido yake ƙona fenti a hannun wanda bai iya ba.

Shawarata ta ƙarshe 'yar uwa, ki bar zancen yi masa ba-zata. Ki faɗa masa niyyarki, in son samu ne ku yi tare, shi da bokiti ke da tawul, ana yi ana hira. In kuma tsautsayi ya gifta, ki faɗi gaskiya tun a tsaye, kada ki bari yaron gida ko 'yar aiki su ɗauki kayan da ba nasu ba. Almajirin nan nawa yau magidanci ne da 'ya'yansa, duk Sallah yana zuwa gaishe ni, bai taɓa tayar da zancen ba, ni ce dai har yau in na gan shi nake jin nauyi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu koma kan lefenmu in Allah Ya kai mu. A ci gaba da aiko da wasiƙu. Allah Ya zaunar da mu lafiya a gidajenmu, amin.

Taku a kullum,
Uwargida