Mai Gaskiya Ba Ya Awo Da Mudu Biyu

  

Duk mutumin Kabo ko Gwarzo da ya nufi birnin Kano da kayansa, sai ya wuce ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero, gama a bakin hanyar Gwarzo take. Wannan makaranta ta soma a 1960 da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, aka mai da ta Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. Jami'a kuwa, kamar kasuwa, ba ta mutanen gari ɗaya ba ce. A jami'o'in Arewa akan ga ɗaiɗaikun ɗalibai 'yan asalin Asiya, waɗansu 'ya'yan 'yan kasuwa ne da aka haifa a nan, waɗansu kuwa neman ilmi ya kawo su. Yadda ake zama da irin wannan baƙo shi ne abin da ya kamata malamai da fatake su duba.

Halin da yake shiga ba ɓoyayye ba ne. In ya bi ta kan titi yara su bi shi suna kiran sunan ƙasarsa, waɗansu har da ja wa idanunsu fata don kwaikwayo. In ya taya kaya a kasuwa a ninka masa kuɗi. In ya yi kokawa da harshe ya gaisa da Hausa, sai a bushe da dariya a kan lafazinsa. To, daga nan sai ya janye jikinsa, ya koma ɗaki ko wajen 'yan ƙasarsu, sa'an nan waɗanda suka kore shi da dariya su ce ai girman kai gare shi.

Alhali kuwa mutanen ƙasar nan sun san zafin wannan abu a jikin 'ya'yansu. Gwamnatin Kano ta tura ɗalibai da yawa karatu Indiya da Malesiya da ƙasar Sin tsakanin 2011 da 2015, ta kuma sake tura waɗansu Indiya a 2023. A watan Maris na 2017 taron mutane ya far wa ɗaliban Nijeriya a Noida, kusa da Delhi, bisa jita-jitar da ba a tabbatar ba. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, aka fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya da masaukai a birnin Gwanzu na ƙasar Sin, inda fataken Kano ke sarin kaya. Ran kowa ya ɓaci, kuma da gaskiyarsa. Amma wanda ya yi kuka don an wulakanta ɗansa saboda launinsa, ya juyo ya yi wa ɗan wani dariya saboda nasa launin, wannan mudu biyu gare shi: babba na saye, ƙarami na sayarwa. Malamai sun san surar da ta sauka a kan masu tauye awo, fatake kuma sun san yadda kasuwa ke kallon irinsu.

Ba sai an tunatar da alaramma ba cewa Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Ubangiji, Suratul Hujurat kuma ta hana izgili, ta sanya ɗaukaka ga tsoron Allah kaɗai. Abin da ake mantawa shi ne yawan littattafan da ke zauren malam waɗanda mutanen Asiya suka rubuta. Imamu Buhari ɗan Buhara ne, cikin ƙasar da ake kira Uzbekistan a yau. Firuzabadi, wanda daga sunan littafinsa Hausa ta sami kalmar ƙamus, mutumin Farisa ne. Sibawaihi ma Bafarishe ne da ya je Basra neman ilmi. An ruwaito cewa ya yi kuskuren Larabci a gaban malaminsa na hadisi, Hammadu ɗan Salama, aka gyara masa cikin jama'a, sai ya ƙudura niyyar koyon nahawu wurin Halilu ɗan Ahmadu, har ya zama limamin fannin. Da a ce ranar nan dariya aka bi shi da ita har ya bar gari, da an yi babbar hasara.

Kano kanta da baƙi ta ginu. Tarihi ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, Shehu Magili ya sauka zamanin Muhammadu Rumfa. Malaman Sudan suka koyar a Makarantar Shari'a da aka buɗe a 1934. Dattawa da yawa na Kabo da Gwarzo da suka yi sakandare a shekarun 1970 wurin malaman Indiya da Pakistan suka koyi lissafi da kimiyya. Har ila yau, gidan rediyon Sin yana watsa shiri da Hausa tun 1963, ana kuma koyar da Hausa a jami'a a birnin Beijin. Watau waɗansu suna ganin darajar harshen nan daga nesa, ashe bai dace mai harshen ya kunyata wanda ya zo koyonsa ba.

Wani bafatake zai ce, to ai Sinawa sun matsa wa 'yan Kantin Kwari da marina da atamfa mai araha. Wannan kuka ne na gaskiya, amma wurin kai shi daban: hukuma, da shugabannin kasuwa, da fadar Sarki, inda aka naɗa Wakilin 'Yan Sin a 2019. Yaron da ya zo da littafi a hammata ba shi ya kashe ciniki ba. Laifin wani ba ya hawa kan wani.

Shi ma baƙon yana da nasa nauyin, ko Basine ne a Kano, ko ɗan Garo ko Getso a Delhi. Ya koyi gaisuwar mutane, ya halarci sunansu da ta'aziyyarsu, ya girmama abin da suke girmamawa, kada ya ƙulle kansa cikin 'yan garinsu. Ba a ce ya yar da sunansa ko addininsa don a karɓe shi ba. Fataken da suka kafa zango a Salaga da Kumasi sun iya harshen masu gari, ba su kuwa bar salla ba.

Saboda haka roƙo ga malaman allo su tsawata wa almajirai kan bin baƙo da tsokana, ga 'yan kasuwa kuma su sayar masa yadda suke sayar wa ɗan gari. Marigayi Jarman Kano, Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, ya sa sunan Kabo a jikin jiragen sama tun 1980, aka san shi har Jidda. Garin da sunansa ya yi irin wannan tafiya, ya cancanta a san shi kuma da karrama wanda ya taho daga nesa.

Allah ya sa a gyara, ya tsare 'ya'yan mutane a duk inda neman ilmi ya kai su.